Ƙarfen Da Na Buga Wa Motar Yaya

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da kuwa na so in manta (kuma Allah ya sani na gwada), da wata Laraba da na tsaya a wani gareji a Gyadi-Gyadi, zufa na bin bayana, mutum uku suna kallona, ni kuma ina kallon takalmina. Har yau in na biyo ta layin nan sai na kawar da kai. Amma bari in faro muku daga tushe, don in na fara daga garejin ba za ku gane girman wautar ba.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, aikina takardu, babu abin da ya haɗa ofishinmu da mota sai wurin ajiye ta. To amma 'yan shekarun baya na sayi wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana biyu ba. Ana soka ta a ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya, ta faɗa maka abin da ke damun mota. Sikana ake ce mata. Tun daga ranar na zama injiniyan danginmu. Duk wanda fitilar gargaɗi ta kama a motarsa sai ya kira ni, in zo da 'yar jakata a hammata, in soka, in haɗe rai ina kallon waya kamar likitan da ya ga abin tsoro a hoton ƙirji. Daga nan in danna wurin gogewa, fitila ta mutu. A ce, "Kai, Allah ya yi maka baiwa." In ce, "Ai karatu ne." (Karatun bai wuce kallon bidiyo a waya ba, shi ma rabi-rabi, don tsoron cin data.) Ban taɓa gyara komai ba, jama'a. Kashe fitila kawai na iya.

Babbar yayarmu, Yaya Rabi, ita ta riƙe ni tun rasuwar Innarmu, shi ya sa har na yi furfura Auta take ce min. Nas ce da ta yi ritaya, tana zaune a Daurawa, mijinta ya rasu. Mace ce mai kirki, amma ba ta son ƙarya ko ta wasa. Direbanta Malam Ado, dattijo siriri mara yawan magana, shekararsa ashirin da biyu a gidan, tun yana tuƙa marigayi. Shi ya koya min mota a wani fili can wajen Ƙauyen Alu, ina saurayi. Ranar farko, kafin ya bari in taɓa makulli, ya ce min, "Auta, kowane direba yana buga mota. In ka buga, ka tsaya, ka sauka, ka duba, ka faɗa wa mai ita." Na ce to, hankalina yana kan giyar mota. Da na samu ɗan muƙami a ofis sai ya daina ce min Auta ya koma Yallaɓai, ni kuma ban hana shi ba.

Ɗan Yaya da ke aiki a ƙasar waje ya aiko mata da mota irin ta zamani. In ka hau babban titi ka danna abin da ake ce wa kuruz, sai ka ɗage ƙafa daga totur, ita za ta riƙe gudun da kanta. In ta tarar da mota a gaba ta rage, in hanya ta buɗe ta ƙara, in kuma ta ga za a yi karo ta taka birki ba tare da shawararka ba. Malam Ado ya so motar nan. Ya kan ce, "Wannan tana da tarbiyya."

Yaya ta tafi Umara. A satin ne aka sa ɗaurin auren 'yar wani babba a ofishinmu, a Gyadi-Gyadi. Na dubi tawa motar, wadda sai an buɗe ƙofar direba ta waje, na ce ba da ni ba. Na je na sami Malam Ado. Ya ce, "Yallaɓai, Hajiya ba ta bar sallahu ba." Na ce ai ni ƙaninta ne, kayan yaya na ƙani ne. Sai ya ɗauko makulli. Shi ya kai ni, ina hakimce a baya cikin babbar riga, na kuma tabbatar ya sauke ni daidai inda mutanen ofis suke tsaye.

Da nan na tsaya da ban samu abin ba ku labari ba. Amma da aka shafa fatiha aka watse, kaina ya riga ya kumbura, sai na ce ni zan tuƙa. Malam Ado ya koma gefe. Muna cikin cunkoson fitowa na hango wani abokin aikina a bakin titi, na zuge gilashi ina ɗaga masa hannu don ya shaida. Wani ɗan sahu ya kutso gabana. Motar ta yi ƙara, ta kama birki, ta yi iya ƙoƙarinta baiwar Allah, amma ina, ƙarfen bayan adaidaitar ya riga ya samu hancinta. Ba wani bugu ba ne. Mai adaidaitar ya leƙo, ya ga tasa ba ta yi komai ba, ya ce, "Allah ya kiyaye gaba, Alhaji," ya wuce. Tamu kuwa tambarin kamfani da ke hancinta ya tsage gida uku, bamba ta ɗan lotsa.

Na dubi Malam Ado na ce, "Wannan maganar ta tsaya tsakaninmu."

Ya ce, "Yallaɓai, da an faɗa mata ya fi. Ba za ta yi komai ba sai faɗa."

Faɗan ne fa nake gudu. Mutum da 'ya'yansa huɗu, yana tsoron a ce masa bai kyauta ba. Na ce, "Amana na ba ka, Malam Ado. Ka rufa min asiri, Allah ya rufa naka."

Ya daɗe yana kallon tambarin, sannan ya ce, "To. Na ɗauka."

Washegari na kai ta wurin wani mai gyaran jikin mota a cikin Tarauni. Ya gasa bambar ya turo ta waje, ta koma kamar ba a taɓa ba. Yana cikin aiki ya ce, "Oga, akwai wani ɗan baƙin akwati a bayan tambarin nan, ƙafarsa ta lanƙwashe, yana lilo." Na ce, cikin muryar masana, "Wannan ba komai ba ne, ɗaure shi kawai." Ya yanko robar tsohon tayub ya ɗaure tamau. Tambari kuma irin na asali, mai santsi kamar gilashi, ba a same shi a kusa ba, sai na sayo na ƙarfe mai walƙiya wanda ya yi kama da shi.

Daga nan basira ta zo min. Kun san yadda muke yi a garin nan saboda ɓarayin madubi da tambari: a samo siririn ƙarfe a gicciya a kan abin, a buge shi da ƙusar ribiti, a zana lambar mota a jiki, ta yadda ko an ɓalle ba zai sayu ba. Kowa yana yi. Na ce a yi min haka, a faɗaɗa ƙarfen ma, don ya rufe ɗan tabon da ya rage. Aka buga ƙusa huɗu. Na ja da baya na kalli aikina, har da gyaɗa kai.

Da Yaya ta dawo, ni na kama hannunta na kai ta gaban mota. Na ce, "Yaya, kin ga abin da na sa aka yi miki? Ɓarayin tambari sun yi yawa." Ta yi ta sa min albarka. Ta ba ni dabino da zamzam da jallabiya fara. Malam Ado yana gefe yana goge gilashi, bai ɗago ba. (Jallabiyar tana nan a ledarta. Ban iya sa ta ba.)

Ba a yi sati ba ya tare ni a ƙofar gida ya ce a hankali, "Yallaɓai, motar nan fa ba daidai take ba. Kuruz ya daina kamawa, wata fitila tana zuwa tana tafiya, wani lokacin kuma sai ta yi ta ƙara babu komai a gabanta." Na ce bari in gani. Na soka sikana, na goge, fitila ta mutu. Bayan kwana uku ta dawo, na sake gogewa. Na ce masa santsin kwamfuta ne, zai wuce.

Sai ranar da Yaya ta kira ni da hantsi. Na tarar da ita a falo da filasta a gira, tabaraunta a karye a kan tebur. Suna kan titin Zariya za su gaisuwa, hanya fetal, sai mota ta ƙame da birki lokaci ɗaya. Yaya ta buga fuska a kujerar gaba, wata motar haya da ke bayansu da ƙyar ta kauce. Malam Ado yana durƙushe a bakin ƙofa, hularsa a hannu.

Ya ce, "Hajiya, wallahi ban taka birki ba. Ita ta taka da kanta."

Ta ce, "Ado, mota ta taka birki babu komai a gabanta? Ko dai wani abu ka gani wanda babu shi?" Sai ta juyo gare ni. "Auta, je ka duba min da na'urarka. Abin da ta faɗa shi ne."

Na fita, na soka, na kalli waya. Rubutun ya fito ɓaro-ɓaro, kuma duk ƙarancin sanina na gane shi: matsala a rada, na'urar da ke gaban mota, saitinta ya goce. Nan take ɗan baƙin akwatin nan ya faɗo min a rai, da robar tayub, da ƙusa huɗu. Ba zan yi muku ƙarya in ce ban gane ba. Na gane sarai. Na tsaya a cikin motar nan ni kaɗai, yatsana a saman waya, ina auna faɗan Yaya da mutuncin dattijo. Sai na danna gogewa.

Na koma falo na ce, "Mota lafiyarta ƙalau, Yaya, ga shi babu ko fitila ɗaya." Da nan bakina ya tsaya ma da sauƙi. Amma shi baki in ya fara zuba ba ya sanin iyaka. Na ƙara da cewa, "Sai dai ko a duba idon Malam Ado. Kin san girma."

Malam Ado ya ɗago ya dube ni. Bai harare ni ba. Kallo ɗaya ya yi min ya mayar da kansa ƙasa, kuma da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Yaya ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Cikin lallami ta ce masa ya je asibitin ido a auna shi, kuma in wata ya ƙare ya huta haka nan, ya yi ƙoƙari. Ta karɓi makulli ta jefa a jakarta. Mutumin da ke da iyali a gidan haya, 'yan matansa biyu suna makaranta, kuma babu sana'ar da ya sani sai sitiyari. Wa zai ɗauki direban da aka sallama saboda ido? Ya ce, "To, Hajiya. Allah ya sa haka ne mafi alheri."

Kwana tara tsakanin wannan rana da ƙarshen wata. Kullum in tashi da niyyar zuwa in faɗa mata gaskiya, kullum in sami dalilin bari sai gobe. Na yi tunanin in sace motar in kai a gyara a ɓoye, amma makulli yana jakar Yaya, jakar Yaya kuwa ko sallah za ta yi tana gefen darduma. Abinci ya daina yi min daɗi. Matata ta tambaye ni ko ulsa ce ta tashi, na ce e.

Ranar Larabar ƙarshe Malam Ado ya roƙi Yaya alfarma ɗaya. Ya ce akwai wani gareji a Gyadi-Gyadi da ke da babbar kwamfuta ta irin waɗannan motoci, a kai ta a duba kafin a ba wani. Ya ce, "In idona ne, shi ke nan, na tafi. In kuma motar ce, ranki ne a ciki, Hajiya." Kun ji fa. Ni da na sha nono ɗaya da ita ban yi wannan tunanin ba. Yaya ta amince, ta kuma kira ni ta ce in zo in raka su, kada masu gareji su cuce ta tunda ni na san kan abin.

Ni na tuƙa, don an hana shi. Yana gefena, Yaya a baya, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Garejin ba irin wanda na saba gani ba ne, daɓensa sumul, babu baƙin mai a ƙasa. Mai wurin, Injiniya Nura, mutum ne mai sanyin murya da bai kai ni shekaru ba. Tun kafin ya gama gaisawa da Yaya na tare shi da bayani, ina jefa kalmomin da na tsinta a bidiyo, ina cewa na riga na duba komai, tabbatarwa kawai muka zo yi. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "To, Alhaji, bari mu ji daga bakinta."

Ya haɗa kwamfutarsa yana karantawa. Can ya ce, "Hajiya, motar nan ta daɗe tana kuka, wani ne yake ta toshe mata baki. An goge mata gargaɗi ba sau ɗaya ba. Amma tana da wani wurin ajiya a ciki wanda ƙananan sikana ba sa kaiwa, komai yana nan. Har birkin da ta taka da kanta ta rubuta."

Yaya ta ce, "Da kanta?"

Ya ce, "Da kanta. Ƙafar direba ba ta kan birki a lokacin."

Na matse 'yar jakata a hammata, ina addu'ar ta zama ƙarama.

Ya zagaya gaban motar ya tsuguna, ya ƙwanƙwasa ƙarfena da farce. Ya yi wa Yaya bayani dalla-dalla, yadda ko yaro zai gane. Ya ce a bayan tambarin nan akwai wata na'ura, rada, ita ce idon motar, da ita take auna nisan abin da ke gabanta. Tambarin asali ba ƙarfe ba ne, wata roba ce ta musamman da aka yi don na'urar ta iya gani ta cikinta. Ya ce, "Wannan kuwa kamar a kifa wa mutum faranti a fuska ne a ce ya tsallaka titi. Tambarin ƙarfe, an kuma gicciya masa wani ƙarfen. Wane mai karambanin ne ya yi wannan aiki?"

Na yi caraf na ce, "Ka san halin masu gyaran jikin nan, ba su..."

Yaya ta katse ni. "A'a, wane masu gyara? Ai Auta ne ya sa aka buga, saboda ɓarayi. Ko ba haka ka ce min ba?"

Injiniya Nura ya dube ni, ya dubi ƙarfen, ya ce, "Allah sarki. Yi haƙuri, Alhaji." Wannan ban haƙurin ya fi zagin zafi. Na yi wata 'yar dariya da ni kaina ban san daga ina ta fito ba, na ce ai kuskure ne, kowa yana yi. A raina ina cewa to, in a nan abin ya tsaya, na sha da sauƙi: jahilci kawai za a kama ni da shi.

Bai tsaya a nan ba. Ya ɗauko abin huda ya cire ƙusoshina ɗaya bayan ɗaya, ya ɓalle tambarin, ya haska fitila ciki. Ga ɗan baƙin akwatin nan, ɗaure da robar tayub, ya sunkuyar da kai ƙasa ya karkata gefe. Ya ce, "Kun ga dalili. Ga faranti a fuska, ga wuya a karye. Ɗan abin da take iya gani ma kwalta ce da ƙarafan gefen titi, sai ta ɗauka mota ce ta tsaya a gabanta." Ya zura yatsa ya zaro wani ɓallin tsohon tambarin, sannan ya nuna wani shafin fenti ruwan ɗorawa a lungun da mai gyara bai kai ba. "Hajiya, an buga motar nan. Kuma da ɗan sahu aka yi karon."

Yaya ta juya a hankali, ba wajena ba, wajen Malam Ado. Ta ce, "Ado. Ka buga mota ka ɓoye min?"

Ya ce, "Hajiya, ban buga ba."

"To wa ya buga? Makulli a hannunka na bari."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Wannan kuma ba a bakina za ki ji ba."

Ga dattijo an sallame shi saboda ido, yanzu ana shirin ƙara masa da cin amana, kuma har a lokacin yana riƙe da tawa amanar. Ina so in ce muku nan take na yi magana. Ban yi ba. Sai da na ɗauki wasu daƙiƙu ina jiran ko wani abu zai faru, ko wayar wani ta yi ƙara, ko ƙasa ta tsage. Babu abin da ya faru. Wani injin iska ne kawai yake huci a bayan garejin.

Na ce, "Ni ne."

Yaya ta ce, "Ban ji ba." (Ta ji.)

"Ni ne, Yaya. Ranar da kina Umara. Ni na karɓi tuƙin, ni na buga, ni na ce kada ya faɗa."

Ta ce, "Gogewar fa?"

Dukansu uku suka sauke ido a kan 'yar jakar da ke hammatata. Wannan ita ce tsayuwar da na faɗa muku a farko. Ina da shekara arba'in da shida, da rigar zuwa ofis, da katin aiki rataye a wuya, na ji kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Yaya ba ta ɗaga murya ba. Ta taɓa tabon girarta kawai ta ce, "Har ka ce a duba idonsa."

Gyaran ya ɗauki kusan awa uku, kuma dole muka zauna a benci ɗaya, ni a ƙarshe. Na kalli yadda ake aikin da na ce ba komai ba ne. Aka sa wa baƙin akwatin sabuwar ƙafa, aka sa tambari na gaske, aka daidaita iskar tayoyi huɗu. Injiniya Nura ya saki zare mai ɗan nauyi daga tsakiyar motar ya yi alama a ƙasa, ya ja tef ya auna, ya sake aunawa, ya kafa wani ɗan ƙarfe mai kusurwa a kan sanda can gabanta, ya kori kowa daga wurin. Ya ce ko kaurin yatsa abin ya goce a nan, a can nesa kan titi ya zama faɗin mota guda. Abin da na sa aka ɗaure da robar tayub ke nan.

Da aka gama aka zagaya da ita aka dawo, Yaya ta buɗe jaka ta ciro makulli ta miƙa wa Malam Ado da hannu biyu. Ta ce, "Ado, na zalunce ka. Ka yafe min. Ga motarka."

Bai karɓa ba. Ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro wata takarda a ninke ya ɗora mata a kan makullin. Ya ce, "Na je asibitin kamar yadda kika ce. Sun ce idona ƙalau." Ya ƙara da cewa, "Na yafe miki, Hajiya, duniya da lahira. Amma shekara ashirin da biyu ina gidan nan, na rantse miki da Allah ban taka ba, sai aka ce a tambayi waya. Hannuna ya yi sanyi da sitiyarin nan."

Yaya ta fara hawaye, ni kuma na fara wasu maganganu marasa kai, ina cewa laifina ne, ni ya kamata a hukunta. Ya juyo ya dube ni, ya kira ni da sunan da ya daɗe bai kira ni ba. Ya ce, "Auta, ranar da na fara koya maka mota, me na ce maka?"

Na tuna, kalma da kalma. Na dubi takalmina.

Ya gyaɗa kai, ya yi wa Injiniya Nura godiya, ya fita bakin titi ya tsayar da ɗan sahu ya hau.

Sau uku ina zuwa gidansa a Ƙauyen Alu. Kowane zuwa ya shimfiɗa min tabarma, a kawo min ruwa, ya tambayi iyali, ya ce ai komai ya wuce. Maganar dawowa ce kawai ba ya amsawa. Yanzu wata tsohuwar bas yake ja ta wata makarantar unguwa, mara sanyi, mara tarbiyya, a shekarun da ya kamata a ce yana hutawa a inuwar gidan Yaya.

Ita kuwa Yaya ta ƙi ɗaukar wani direba. Ni ne direban. Asibiti, gaisuwa, kasuwa, biki, duk inda za ta sai ta kira ni, in nemi izini a ofis in zo. Ta zauna a baya da carbinta. Ta daina ce min Auta, Injiniya take ce min, a gaban kowa, ba tare da murmushi ba. Ƙarfen nan mai ramin ƙusa huɗu ta karɓo shi daga gareji ta ajiye a aljihun gaban mota, inda takardu suke, don duk sanda aka tsayar da mu a hanya sai na ɗaga shi kafin in ciro su.

Sikana tana cikin durowa, ban sake taɓa ta ba. In wani ɗan uwa ya kira ya ce fitila ta kama masa, sai in ce ya gode wa Allah motarsa tana faɗa masa gaskiya, ya kai ta wurin masu aikin. Abin da na koya, a makare, shi ne wanda aka faɗa min kyauta tun ina saurayi: in ka buga, ka tsaya, ka sauka, ka duba, ka faɗa wa mai ita. Faɗan minti goma na guje wa, ga shi shekara ta biyu ke nan ina tuƙa shi. Motar dai ta warke, tana gani garau, ko akuya ta gifta sai ta yi ƙara. Duk sanda ta yi, sai Yaya ta ce daga baya, ba tare da ta ɗago daga carbinta ba, "Bar ta ta yi magana, Injiniya."